Yadda ake saka wa 'yan sojojin wasan tebur maganadisu da haɗa musu tire, da kayan da ake samu a nan Jos

Abin da ya sa na zauna na koyi aikin nan tafiya ce da muka yi daga Jos zuwa Abuja domin mu buga wasa da wasu abokai. Na jera 'yan sojojina a kwali, na cusa tsumma da soso a tsakaninsu, a ganina na gama tsaro. Muna gangara Hawan Kibo direba ya taka birki da ƙarfi, na ji ƙarar kwalin daga but. Da muka tsaya a Akwanga na buɗe, sai ga masu sun karye, tuta ta cire, fentin da na kwashe makonni ina yi da dare duk ya goge a kafaɗu da gwiwoyi. Wallahi abin ya min ciwo sosai. Tun daga ranar babu sojan da nake gamawa ban sa masa maganadisu a ƙasa ba.

Ga wanda bai saba ba, ina maganar wasannin yaƙi ne na kan tebur, irin su Warhammer na kamfanin Games Workshop da ke Nottingham a Ingila, wanda ya fara fitowa a 1983, da Kings of War na kamfanin Mantic, shi ma a Nottingham ɗin yake. Kowane ɗan soja yana tsaye a kan wani ɗan faifan roba, mu dai bes muke ce masa, kuma a wasannin da ake jera runduna sahu-sahu sai ka matsar da soja 20 ko 40 lokaci guda, toh idan ɗaya bayan ɗaya zaka riƙa ɗauka ai magariba zata yi baku gama zagaye biyu ba. Shi ya sa ake yin tire, a jera su a kai a tura gaba ɗaya. Matsalar tire zalla ita ce da ka ɗan karkata shi ko ka hau da shi kan tudu sai su zube. Maganadisu ne maganin wannan, kuma shi ne dai maganin tafiya da su a mota ko a keke.

Tsarin gaba ɗaya ɗaya ne: maganadisu a ƙarƙashin soja, ƙarfe zalla a kan tire. Kar ka sa maganadisu a duka biyun, ɓarnar kuɗi ne kuma sai ka fara fama da wane gefe ke ja wane ke turewa.

Maganar maganadisun kansa

Wanda ake so shi ne niyodimiyam, ɗan ƙarami mai sheƙi kamar azurfa, zagayayye kamar ƙwayar magani. Haɗin niyodimiyam ne da ƙarfe da boron, an samar da shi a farkon shekarun 1980 a kamfanin General Motors na Amurka da Sumitomo na Japan, kuma shi ne mafi ƙarfi a cikin waɗanda ake sayarwa. Zaka ga an rubuta N35 ko N42 ko N52, lambar na hawa ƙarfin na ƙaruwa. Ni dai ban ga dalilin da zai sa ka biya kuɗin N52 don sojan roba ba, N35 ya isa ya yi yawa ma. Baƙin maganadisun nan na cikin tsohuwar sifika ko na ƙofar firij ba shi nake nufi ba, wancan ya yi girma kuma ƙarfinsa bai kai ba.

Girman da nake amfani da shi, faɗi da kauri a milimita: 5x2 ga sojan ƙasa na roba mai bes 25mm ko 30mm, 3x2 ga ƙananan da basu da nauyi, guda biyu na 5x2 ga mahayin doki, ɗaya gaba ɗaya baya. Manyan dodanni da keken yaƙi uku ko huɗu na 6x2, a raba su kusurwa-kusurwa. Tsofaffin sojojin ƙarfe kuwa ka ninka musu, suna da nauyi, kuma kar ka ɗauka tunda ƙarfe ne zasu manne da kansu, a'a, yawancin abin da ke cikinsu kuza ce (na da can kuma da darma), wannan dai kuzar tamu da aka yi shekaru ana haƙa a Bukuru da kewaye, ita kuwa kuza maganadisu baya kama ta.

Samun su shi ne ɗan wahalar. Oda nake yi ta intanet, AliExpress ko Jumia, ɗari ko ɗari biyu lokaci guda, mu haɗa kuɗi da abokai. Idan kana gaggawa ka leƙa wajen masu gyaran waya da kwamfuta, cikin matattun iyafis da murfin waya mai mannewa akwai ƙanana, sai dai girmansu ba ɗaya bane. Na cikin tsohon hard disk, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta, kuma ƙarfinsa ya wuce hankali kuma a lanƙwashe yake, bazai shiga ƙarƙashin bes ba, kar ma ka ce zaka fasa shi, tarwatsewa yake yi kamar tangaran.

Kafin ka yi oda, juya bes ɗinka ka auna zurfin ramin da ke ƙasa. Wannan awon shi ne komai. Bes ɗin roba na kamfani ƙasansa a rarake yake, yawanci 2mm na shiga ya ɗan rage fili, amma ba duka kamfanoni suke ɗaya ba. Ka ɗora maganadisu ɗaya a ciki, ka gicciya rula a kan bakin bes ɗin, ka ɗaga sama wajen haske. Idan maganadisun ya taɓa rula ya ɗaga ta, ya yi kauri, sojanka zai riƙa rawa a kan tebur, koma 1mm. Idan kuma ka hango tazara tsakaninsu, wannan tazarar ce zamu cike.

Yadda ake manna shi ya zauna daidai

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne ya ɗiga sufa gulu a cikin ramin ya jefa maganadisu ya danna har ƙasa. Sai ya zama maganadisun ya lume ciki, tsakaninsa da ƙarfen tire akwai iska kamar milimita ɗaya, mutum ya ɗora soja ya ji riƙon ba ƙarfi sai ya ce an sayar masa da jabu. Ba jabu bane. Ƙarfin maganadisu yana faɗuwa da sauri sosai da zarar an samu 'yar tazara, ƙarami da ya taɓa ƙarfe ya fi babba da ke nesa da shi riƙo. Don haka so ake fuskarsa ta yi daidai da bakin bes, kamar an goge su tare.

Ga yadda nake yi. Na farko ka samu shimfiɗaɗɗen ƙarfe, ko da murfin gwangwanin biskit ne, ka shimfiɗa farar leda siririya a kai, irin ta ƙulla sikari, ka ja ta ta miƙe babu tattara. Maganadisun suna zuwa ne a manne kamar sanda, toh kafin ka ɓalle ko ɗaya ka sa maka ka ɗiga alama a fuskar na sama, ka zare shi ta gefe, ka sake ɗiga wa na gaba, haka har ƙarshe. Zarewa ake yi ta gefe da babban yatsa, ba ja ba. Sai ka jera su a kan ledar, alamar tana kallon sama dukansu, ka bar tazarar kamar yatsu uku tsakaninsu don kar su yi tsalle su haɗe. Shi ƙarfe ba ruwansa da wace fuska ka juyo masa, duk kamawa zai yi, amma idan ka gauraya fuskokin sai ka ga sojoji biyu maƙwabta suna janyo juna suna karo, musamman masu manyan maganadisu, shi ya sa nake son duk rundunar ta kalli gefe ɗaya.

Na biyu ka kankare cikin bes ɗin da bakin wuƙa ko sanfefa, 'yan layuka kawai, don gam ya samu abin kamawa. Ita ma fuskar maganadisun mai alama ka ɗan goga ta a sanfefa sau biyu uku, rufin nikel ne a jikinsa mai santsi, gam baya son santsi. Gogawa kaɗan fa, kar ka cinye rufin, idan ya buɗe tsatsa yake yi.

Na uku ka kwaɓa abin cikewa. Idan kana da Milliput ko koren kwaɓin nan da masu wannan harka ke amfani da shi, ka mulmula kamar ƙwayar wake ƙarama ka danna a tsakiyar ramin. Idan babu, gam mai bututu biyu irin Araldite da ake samu a shagunan kayan gini yana yi, ka kwaɓa ka bari ya ɗan fara kauri tukuna. Ka ɗiga sufa gulu ɗigo ɗaya a kan maganadisun, sai ka kifa bes ɗin a kansa ka danna har bakin bes ya zauna a kan ledar ta kowane gefe. Kaga abin da ya faru: ƙarfen da ke ƙasa ya riƙe maganadisun a ƙasa, kwaɓin ya cike saman, tazara ta tafi. Ka bar shi nan ya kwana. Da safe ka zame shi ta gefe, ledar zata ɓare da kanta.

Akwai hanyar gaggawa, sufa gulu da bekin soda, soda fa ba bekin fauda ba. Bayan maganadisun ya kama, ka zagaye shi da gam ka barbaɗa sodar, nan take zai daskare kamar dutse. Yana da kyau don ƙarin ƙarfi amma yana ɗaukar zafi kuma tururinsa na shiga ido, ka yi a waje ko bakin taga. Wani abu da na lura da shi a nan Jos, lokacin hunturu sufa gulu na jinkirin kamawa, saboda danshin iska ne ke busar da shi kuma a Disamba da Janairu iskar a bushe take ƙarau, sai ka ɗan huro masa numfashi daga nesa. Da damina kuma akasin haka, kamawa yake kafin ka gyara zama, wani lokacin ya bar farin hazo a jikin fenti, don haka kar ka rufe sojoji a akwati ranar da ka sa musu gam.

Bes mai tsaga a tsakiya, irin na tsofaffin sojoji, ka sa ƙanana guda biyu na 3mm hagu da dama da tsagar. Wanda kuma aka buga da injin 3D ko na katako, da ƙasansa a toshe yake, sai dai ka huda da bakin dirila daidai faɗin maganadisun, da hannu zaka murza a hankali, ka naɗa salatif a bakin dirilar daidai 2mm don ka san inda zaka tsaya kar ka ɓullo ta ƙafar soja.

Tiren kansa

Fara da lissafi. Runduna mai soja 20, biyar a sahu, sahu huɗu, bes 25mm, cikin tiren zai zama 125mm da 100mm. Ka ƙara milimita ɗaya kowane ɓangare, 126 da 101, domin fenti da yashin da ke gefen bes suna ƙara masa kauri, idan ka yanka cif-cif na ƙarshen bazai shiga ba sai da dannawa. Sai baki mai faɗin 5mm ya zagaye, kenan fallen ƙasan tiren zai zama 136 da 111. Idan Kings of War kake bugawa ka kula, can girman filin rundunar ne doka, misali rejimen, wato runduna mai soja 20, na sojan ƙasa masu bes 20mm 100mm ne da 80mm, don haka ko ka yi tire marar baki ko ku yi yarjejeniya da abokin wasanka cewa daga cikin baki ake awo. Masu tsofaffin sojojin Warhammer kuma, da aka fito da sabon salon wasan mai suna The Old World a Janairun 2024 an ƙara girman bes, masu 20mm sun koma 25mm, dawakai daga 25x50 zuwa 30x60. Ba dole sai ka ɓalle kowa ka sake masa bes ba, ka zana layukan sabon girman a kan ƙarfen tire ka tsayar da kowane soja a tsakiyar gidansa, maganadisu zai riƙe shi a wurin.

Fallen ƙasan tire: allon MDF ko filawud siriri mai 2mm ko 3mm. Ka shiga kasuwar Katako ko wajen kowane kafinta ka nemi ragowar yanka, abin da kake buƙata bai fi tafin hannu biyu ba. Farin allon roban nan da masu allon talla ke manna sitika a kai shi ma yana yi, ya ma fi sauƙin yanka da wuƙa kuma ruwa baya kumbura shi. Kwali kam ban ba da shawara ba, damina ɗaya zai lanƙwashe.

Sai ƙarfen. A nan ne nake cewa kar ka fita gida ba maganadisu ɗaya a aljihu. Ranar da na fara nema na je wajen wani dattijo mai ƙera bokiti da murhu, na ce, "Baba sannu da aiki, fallen ƙarfe siriri nake nema, wanda bai kai kaurin kati ba." Ya miƙo min wani mai sheƙi, na manna maganadisu ya zame ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka ya jujjuya ya ce, "Ɗana ai wannan alminiyam ne, da ka faɗa min mayen ƙarfe zaka sa da ban ba ka shi ba," ya shiga ciki ya jawo ragowar farin kwano marar tudu, maganadisun ya kama shi ƙam. Toh haka abin yake. Alminiyam baya kamawa, gwangwanin lemo kenan. Yawancin silba na kwanukan kicin ma baya kamawa sosai. Farin kwano na ƙarfe yana kamawa, gwangwanin madara da na tumatir da na biskit suna kamawa saboda ƙarfe ne aka shafa wa kuza a sama. Kaurin 0.3mm zuwa 0.5mm ya isa. Ni na fi son gindin babban gwangwanin biskit ko ragowar kwano shimfiɗaɗɗe, domin jikin gwangwanin tumatir yana da layuka kuma baya miƙewa duk yadda ka buga shi.

Akwai kuma wata roba mai garin ƙarfe a ciki da ake sayarwa ta intanet da gam a bayanta, almakashi na yanka ta, tana da daɗin aiki amma riƙonta bai kai na ƙarfe ba, ga sojan roba ta isa, ga na ƙarfe a'a. Kar ka rikita ta da robar maganadisu da ake manna talla a ƙofar mota, wancan ita kanta maganadisu ce mai rauni, kuma niyodimiyam na iya ɓata ta.

Ka zana 126 da 101 a kan ƙarfen da ƙusa da rula, ka sa safar hannu, ka yanka da almakashin kwano, ko ka roƙi mai ƙirar ya yanka maka a wurin, ya fi ka hannu. Bakin zai ɗan murɗe, ka ɗora a kan shimfiɗaɗɗen siminti ka sa katako a sama ka bubbuga da guduma, kar ka buga ƙarfen kai tsaye zai yi tabo. Ka bi gefuna da fayil, wato magagari, har ka iya shafa yatsa ba tsoro. Ka wanke da omo ka busar sosai don maiƙo ya fita.

Mannawa da gam ɗin masu gyaran takalmi, Evo-Stik ko makamancinsa. Ka shafa siriri a ƙarfe, ka shafa a katako, ka bari su sha iska har in ka taɓa baya bin yatsa, sannan ka haɗa. Sau ɗaya yake ba ka dama, don haka ka riga ka zana inda zai zauna. Ka danne da littattafai masu nauyi ya kwana. Bakin kuma ka yanka sirara masu faɗin 5mm daga ragowar allon, ko ka yi amfani da tsinken ashana dogo ko sandar suya da ka fere ta zama mai kusurwa, ka manna su a zagaye. Kafin gam ɗin ya kama ka jera sojojin gaba ɗaya a ciki ka gani da idonka sun shiga. Wasu na barin bayan tiren a buɗe don a riƙa zare waɗanda suka mutu ta baya cikin sauƙi, ni ma haka nake yi yanzu.

Ado ba wuya. Farin gam na kafinta irin Top Bond a kan bakin kaɗai, ka barbaɗa yashi da ka tankaɗe da rariya, jar ƙasar nan tamu in ta bushe tana ba da kala mai kyau ko ba fenti. Kar yashi ya hau kan ƙarfen, ka rufe shi da salatif ɗin takarda kafin ka fara, ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin bes ta isa ta dawo da tazarar da muka sha wahalar kashewa. Ƙarfen kuma ka fesa masa fenti baƙi ko ruwan ƙasa, shafi ɗaya ko biyu sirara, don tsatsa, musamman gefunan da aka yanka. Kar ka lafta.

Gwaji: jera su, ka ɗaga tiren ka karkata a hankali, sannan ka kifa shi a kan katifa ko filo. Wanda ya faɗo ka duba ƙasansa da rula, kusan kullum zaka tarar maganadisun ya lume ne. Idan kuma ka ga sai ka yi kokawa kafin ka cire soja, ya yi ƙarfi da yawa, ka manna salatif ɗaya a fuskar maganadisun zai rage. Kuma ka saba cirewa ta bes, ka ɗan karkata shi ko ka zame shi, kar ka ja ta mashi ko ta kai, nan ne ake karya ƙafafu.

Akwatin tafiya

Akwatin ƙarfen nan na 'yan makarantar kwana, ƙarami, shi na mayar gidan sojojina, su manne a ƙasansa kai tsaye. Gwangwanin biskit ma yana ɗaukar runduna guda. Idan robar ajiya kake da ita sai ka manna fallen ƙarfe a gindinta da gam ɗin takalmin nan. Abu ɗaya dai ka sani, maganadisu ya fi ƙarfi wajen hana ɗagawa sama, amma ta gefe yana zamewa da sauƙi, kuma birki da ramukan hanya ta gefe suke turawa. Don haka manyan masu nauyi ka jera su jikin bango, ka sa soso tsakaninsu da ƙananan, akwatin kuma ya zauna a kwance, in da hali a kan cinyarka ko ƙarƙashin kujera. Kar ka bar shi a gaban gilashin mota cikin ranar Abuja, niyodimiyam na yau da kullum yana fara rasa ƙarfi idan zafi ya kai wajen digiri 80, kuma tun kafin nan roba da gam sun fara laushi.

Idan akwai yara a gidan, don Allah ka ƙirga maganadisunka kafin ka fara da bayan ka gama, ragowar ka kulle a kwalba mai murfi a sama. Yaro in ya haɗiye biyu ko fiye suna iya kamo juna ta cikin hanji su huda shi, wannan maganar asibiti ce nan take ko da yaron yana wasa lafiya lau. Mai na'urar bugun zuciya a ƙirji kar ya kusance su, katin ATM ma ka nisanta shi da teburin aikin. Ni a kan tiren shayi na ƙarfe nake aikin gaba ɗaya, duk wanda ya suɓuce daga yatsa nan yake mannewa, baya kaiwa ƙasa inda ƙanwata ke rarrafe.